Keke a burjin gonakin inabi: kilomita nawa ya kamata in sa a rana?

Tambaya: "Salamu alaikum, Malam. Na sayi keken nan da ake ƙerawa domin hanyar tsakuwa. Na saba yin kilomita 80 zuwa 90 a kwalta, a wurin da babu tudu, ba tare da na jigata ba. Yanzu na samu hutun mako guda, ina so in yi shi a yankin gonakin inabi mai tuddai, wataƙila Tuskani ta Italiya. Ba na son inda motoci suka yi yawa. Yaya zan gano hanyoyin da babu hayaniya? Zan iya sa kilomita 80 a rana kamar yadda na saba? Akwai abin da ya kamata in canja a jikin keken?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu uku ka tambaya: inda za ka bi, nisan da za ka yi, da gyaran da keken yake bukata. Dukansu suna komawa ga abu ɗaya, wato hanyoyin da kake nema manoma ne suka fitar da su domin aikin gona. Dalilin da ya sa babu motoci a cikinsu ke nan, kuma shi ne dalilin da ya sa suke da tsananin hawa, suke da gargada, suke kuma cika da tarakta a wasu makonni na shekara. Idan ka riƙe wannan, sauran lissafin zai zo maka da sauƙi.

Me ya sa ƙasar inabi take da wahalar hawa

Kurangar inabi ba ta son ruwa ya kwanta a saiwarta, tana son rana, kuma sanyin dare mai ƙona tsiro yakan gangara ya taru a kwari. Shi ya sa tun zamanin da manoma suka fi son jikin tudu. Garuruwan kuma, musamman a Italiya, yawancinsu a kan tudu aka gina su saboda tsaro. Babbar hanyar mota ita ce ta samu kwari da gada da lanƙwasa mai sauƙi. Hanyar gona ba injiniya ya zana ta ba, ta bi iyakar gonar wane da ta wane ne, idan iyakar ta miƙe sama sai ita ma ta miƙe. Saboda haka za ka riƙa cin karo da hawa mai gangaren kashi 12 ko 15 cikin ɗari, wato hanya tana ɗaguwa mita 12 ko 15 a kowace mita ɗari, na mita ɗari uku ko ɗari biyar kawai, ka sauka, ka tsallake rafi, ka sake wani. Idan ka duba zanen tsayin hanyar a waya sai ka ga kamar haƙoran zarto.

Wannan ya bambanta da hawan babban dutse, inda mutum yakan samu kari ɗaya ya zauna a kansa awa guda. A tuddan inabi ba ka samun kari. Kowane hawa gajere ne, ido yana ganin ƙarshensa, sai zuciya ta ce ka danna ka gama da shi. Na safe ba sa nuna komai. Da rana ta take, sai ƙafa ta fara biyan bashin.

Tunda ka ambaci Tuskani, ka zaɓi wurin da abin ya samo suna. A 1997 Giancarlo Brocci ya fara taron L'Eroica a garin Gaiole in Chianti, ana hawan tsofaffin kekuna a fararen hanyoyin yankin, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne a hana a shafe hanyoyin da kwalta. Daga nan aka samu tseren ƙwararru na Strade Bianche a 2007, wanda yake ƙarewa a dandalin Piazza del Campo da ke Siena. Doguwar hanyar L'Eroica kilomita 209 ce, da hawan da ya haura mita 3,000, kuma an kafa mata alamu na dindindin, kowa yana iya bin ta a kowane lokaci, ya raba ta kwana uku ko huɗu. Ga wanda bai san yankin ba, wannan ita ce ƙofar shiga mafi sauƙi. Akwai wasu wuraren masu kama da nan: tuddan Langhe a arewacin Italiya, tuddan Prosecco, su ma a arewacin Italiya, inda aka yi gasar duniya ta keken tsakuwa a 2023, kwarin Douro a Fotugal, gonakin Vouvray a Faransa waɗanda tseren Paris–Tours ya fara ratsawa a 2018, da yankin Stellenbosch a Afirka ta Kudu. Ƙasarsu ta bambanta, amma dabarar shiri ɗaya ce.

Batun kilomita 80

Ba zan ba ka shawarar sa kilomita 80 a rana ba, aƙalla a kwanakin farko. A irin wannan ƙasa mita nawa ka hau ake fara tambaya, kafin a zo kan nisa. Bari mu yi lissafi. A ce kai da keke da kaya kun kai kilo 85, kuma ƙarfin da kake iya riƙewa na tsawon lokaci wat 150 ne (wat ma'aunin ƙarfin taka feda ne), wanda matsakaicin mahayi yakan yi. Ɗaga kilo 85 zuwa tsayin mita 100 da wannan ƙarfin yana cin kusan minti tara, ban da abin da tsakuwa da iska suke ci. Hanyar kilomita 80 a tuddan inabi tana iya ɗauke da hawan mita 1,200 zuwa 1,500. Wato kusan awa biyu ko fiye na ɗaga jiki kawai.

Za ka ce ai gangara za ta rama. A kwalta tana ramawa sosai, a burji kaɗan take ramawa, domin hannunka yana kan birki, idonka yana kan rami. Wanda yake yin kilomita 25 a awa a shimfiɗaɗɗiyar kwalta yakan koma 14 zuwa 16 a nan. Kilomita 80 ɗinka ta awa uku da ɗan kai ta zama awa biyar zuwa shida a kan sirdi, ban da tsayawar cin abinci, da duba taswira, da faci idan ya zo. Kana iya yin haka kwana ɗaya. Kwana shida a jere kuwa, hutun zai koma aikin ƙarfi.

Abin da nake tsara wa waɗanda suka zo da irin ƙarfinka shi ne ranar farko kilomita 40 zuwa 50, da hawan da bai wuce mita 700 ba, a zagaye a dawo masauki ɗaya. Ranar gwaji ce. Idan ka dawo da sauran ƙarfi, ka kwana ka tashi ƙafa ba ta yi tsami ba, sai ka ƙara kilomita goma da mita ɗari biyu. Ka ware rana ɗaya a tsakiyar mako wadda ba za ka taɓa keken ba, ko ka yi ɗan zagaye kawai. Ranar kilomita 80 ɗin, idan har kana marmarinta, ka ajiye ta sai kwana na biyar, lokacin da ka san ƙasar, ka kuma san inda ake samun ruwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Na fi son zama a masauki ɗaya ko biyu a riƙa fita ana dawowa, a kan ɗaukar kaya daga gari zuwa gari. Kowane kilo da ka ɗaura wa keke sai ka ɗaga shi sama da kowane tudu, kuma idan sama ta canja kana da damar taƙaita tafiya.

Gano hanyar da babu motoci

Manhajoji irin su Komoot da Ride with GPS suna ɗauko bayanansu daga taswirar OpenStreetMap, inda ake raba hanyoyin gona mataki biyar. Na 1 mai tauri ne, sau da yawa ma da kwalta ko siminti. Na 2 tsakuwa ce da aka danne. Na 3 gauraye ne. Na 4 da na 5 ƙasa ce da ciyawa. Ka tsaya a na 1 da na 2, ka yarda da na 3 idan gajere ne kuma ba a yi ruwa ba. Masu sa kai ne suke cike wannan bayani, wani na shekaru ne da suka wuce, don haka kada ka dogara da shi shi kaɗai. Ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam ka bi layin da ido. Hanyar da ake bi za ka gan ta fara tas, da faɗin mota. Wadda aka daina bi za ka ga ta dusashe, ko ta shige harabar wani gida ta ƙare a nan. Taswirar Strava da ke nuna inda mahaya suka fi bi ita ma tana taimakawa: layin da ba wanda ya taɓa bi, akwai dalili.

Kada ka ƙi kwalta gaba ɗaya. Ƙananan hanyoyin kwalta da ke haɗa ƙauye da ƙauye a saman tudu sau da yawa babu kowa a kansu, kuma suna hutar da hannu da kafaɗa. Tafiyar da rabinta burji ne rabi kwalta ta fi daɗi a kan wadda aka tilasta mata zama burji zalla. Wadda za ka guje wa ita ce hanyar kwari da ke haɗa manyan garuruwa biyu, da hanyar da ke zuwa shahararrun wuraren ɗanɗana barasar inabi a ranakun Asabar da Lahadi da yamma. Can za ka haɗu da baƙin direbobi da ba su san lanƙwasar ba, wasunsu kuma sun sha. Ka fita da sassafe, ka sa fitilar baya mai walƙiya ko da rana ce. Idan kai ma mai sha ne, ka bari sai ka jingine keken, domin gangarar tsakuwa ba ta yafe jinkirin hannu.

Ka sauke taswirar a waya tun a masauki, domin cikin kwari sabis yakan ɗauke. Lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce.

Abin da za ka taɓa a keken

Giyar keke, wato faifan haƙoran da kaca take bi, ita ce kan gaba, kuma ita mutane suka fi rainawa. Yawancin kekunan tsakuwa suna zuwa da faifan gaba mai haƙori 40 da na baya mafi girma mai 42, kusan juyi ɗaya na feda juyi ɗaya na taya, wato kimanin mita 2.2 a ƙasa. A hawan kashi 12, mai wat 150 ɗin nan gudunsa bai fi kilomita 5 a awa ba. Idan ka raba, fedarsa tana juyawa ƙasa da sau 40 a minti. Wannan niƙa ce, gwiwa ce take shan ta. A kwalta sai ka miƙe tsaye ka taka da nauyinka. A tsakuwa da ka miƙe nauyi ya bar tayar baya, sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, ka sa ƙafa a ƙasa, kuma sake tashi a tsakiyar irin wannan hawan ba ƙaramin aiki ba ne. Saboda haka kana bukatar giyar da za ta bar ka a zaune. Faifan gaba biyu masu 46 da 30 tare da 36 a baya, ko faifai ɗaya mai 38 ko 40 tare da 50 ko 51 a baya, duk suna yi. Hanya mafi arha ga mai faifai ɗaya ita ce rage na gaban zuwa 36 ko 38. Gudun da za ka rasa a gangara ba gudun da za ka yi amfani da shi ba ne. Ka kai wa makaniki ya duba ko kacarka da abin canja giyar za su ɗauka.

Sai taya. Faɗin milimita 40 zuwa 45 shi ne daidai, mai ƙananan ƙuraje a tsakiya da manya kaɗan a gefe. Idan rim ɗinka yana karɓa, ka koma taya marar tiyub, wadda ake zuba mata ruwan liƙi a ciki yana toshe ƙananan huda da kansa. Amfaninta na gaske shi ne tana ba ka damar rage iska ba tare da dutse ya matse tiyub ya fasa shi ba. Wanda ya saba da kwalta yakan cika taya ta yi tauri, a burji kuwa taya mai tauri tsalle take yi a kan duwatsu, ba ta kama ƙasa, tana kuma kashe hannu. Mai nauyin kilo 75 a taya 40 yana iya farawa daga wajen PSI 35 a ma'aunin iskar taya, ta gaba ta ɗan fi ta baya laushi, ya riƙa ragewa kaɗan kaɗan har sai ya ji keken ya daina rawa. Idan ka ji rim ya bugi dutse, ka wuce gona da iri, ka ƙara. Duk da haka ka riƙe tiyub guda, da famfo, da abin toshe huda, da mahaɗin kaca.

Birkin faifai kuma ka duba robarsa kafin tafiya, ka riƙe ta canji. Farar ƙurar nan idan ta haɗu da ruwa tana cin robar birki da sauri. Kaca ma kowace yamma ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mata mai kaɗan. Mai da yawa ƙura yake tarawa.

Yadda ake hawa da sauka

A hawa ka canja giya tun kafin tudun ya kama ka, ka zauna, ka ɗan matso gaban sirdi, ka sunkuyar da ƙirji don kada tayar gaba ta ɗaga. Ka dubi hanyar da kyau: akwai layi biyu da tayoyin mota suka danne, a tsakiyarsu da gefensu kuma tsakuwa ce a sake. Layin nan shi ne hanyarka. Idan hawan ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura, shi ya sa takalmi mai ƙasan roba ya fi na tseren kwalta amfani a nan.

Gangara ce take kayar da mutane. Ka riƙe ƙasan kan keken inda yatsa ya fi kama birki, ka ja jiki baya kaɗan, ka saki gwiwar hannu, ka ɗan ɗaga daga sirdi keken ya yi motsinsa a ƙarƙashinka. Ka rage gudu yayin da keken yake miƙe, kafin ka shiga lanƙwasa, domin danna birkin gaba a cikin lanƙwasar tsakuwa shi ne yake zame taya. Duwatsun da motoci suka watsar a bayan lanƙwasa suke taruwa. Sannan ka kula da abin da ya keɓanta da hanyar gona a jikin tudu: magudanun ruwa da ake yankawa a karkace su ratsa hanya, wasu na ƙarfe, wasu na siminti, wasu rami ne kawai da ruwan sama ya ci. Inuwar bishiya tana ɓoye su. Ka tsallake su a miƙe, ka sassauta nauyi daga tayar gaba. Kuma duk lanƙwasar da ba ka ganin bayanta, ka ɗauka akwai tarakta tana tahowa a tsakiyar hanya, ka tsaya a hannunka.

Lokaci, da mutanen da ke aiki a wurin

A Turai Afrilu zuwa farkon Yuni ya fi, sai kuma Oktoba bayan an gama tsinkar inabi. Yuli da Agusta zafi ne, gonar inabi ba ta da inuwa, farar hanya kuma tana mayar da hasken rana a fuska. Tsinka takan kama daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, a kudancin duniya kuma Fabrairu zuwa Afrilu. Lokacin ƙasar ta fi kyau, amma lokacin ne hanyoyin suka fi cika da tarakta masu jan kaya, mutane suna tsere da rana da ruwan sama, amfanin shekara guda yana hannunsu. Idan ka ji injin, ka ratse ka ba shi hanya, ka ɗaga hannu ka gaisa. Idan ka ga ana feshi, wanda galibi na tagulla ne ko farar wuta, ka dakata nesa har hazon ya kwanta.

Ruwan sama yana canja komai inda ƙasar yumɓu ce, kamar kudu da Siena. Lakar tana manne wa taya har ta cika tsakaninta da ƙarfen keken, taya ta ƙi juyawa, wani lokaci ta karya abin canja giya. Bayan ruwa mai yawa ka ba burji kwana ɗaya, ka bi kwalta.

Kada ka shiga tsakanin layukan kurangar, ko don ɗaukar hoto. Gona ce ta mutum, kuma taya da takalmi suna ɗaukar ƙwari da cuta daga gona zuwa gona. Ƙwaron filoksera, wanda yake cin saiwar inabi, ya hallaka yawancin gonakin Turai tun daga shekarun 1860, kuma har yau a Ostireliya ta Kudu, inda bai shiga ba, ana roƙon baƙi kada su taka cikin kuranga saboda shi. Inda aka rubuta hanyar ta mai gida ce, ka juya. Ƙofar da ka buɗe ka rufe, kuma siririyar wayar da ka gani a gefen gona mai lantarki ce, don aladun daji da barewa aka sa ta. A Tuskani akwai manyan fararen karnuka masu gadin tumaki. Idan ɗaya ya taso maka kada ka yi tsere da shi, ka sauka, ka sa keken a tsakaninku, ka wuce a hankali nesa da garken.

Ruwan sha kwalba biyu manya, ka cika duk inda ka samu famfon jama'a, ka yi lissafin rabin lita ko fiye a awa idan da zafi. Shagunan ƙananan ƙauyukan Italiya sukan rufe da tsakar rana su buɗe da yamma, don haka abincin aljihu dole ne, ka fara ci tun awa ta farko.

Lambobin da na ba ka na farawa ne. Ban ga hawanka ba, ban auna nauyinka ba, kuma hanyar da ta yi kyau bara ruwa yana iya cinye ta bana, saboda haka mai shagon keke na garin da ka sauka ya fi kowace manhaja sanin halin da ake ciki a makon, ka nuna masa layinka a waya kafin ka fita. Idan kana da hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon gwiwa, ka ga likita tukuna, domin gajerun hawan nan suna tura bugun zuciya sama fiye da abin da shimfiɗaɗɗiyar hanya ta saba maka. Kafin ranar tafiya, ka nemi tudu mafi tsanani da za ka iya samu, ko gajere ne, ka riƙa hawansa a zaune sau biyar ko shida a jere, sau biyu a mako, har mako shida, da tayar da giyar da za ka tafi da su.